Gani Ya Kori Ji? Tarihin Shaidar Ganau Daga Zamanin Sayyidina Ali Zuwa Yau

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Bayan haka, Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wurinmu idan mutum ya ce "da idona na gani", to magana ta ƙare, duk wanda ya sake jefa masa tambaya kamar ya ƙaryata shi ne. Shi ya sa muka raba masu ba da labari gida biyu, ganau da jiyau, muka ɗora ganau a sama. A mafi yawan al'amuran yau da kullum wannan ma'auni yana aiki. Sai dai akwai wata tambaya da ta daɗe tana hana alƙalai barci: shin mutumin kirki, mai tsoron Allah, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, zai iya rantsewa cewa wane ya gani yana aikata laifi, alhali ba wanen ba ne? Amsar da tarihi ya bayar ita ce, ƙwarai kuwa, kuma hakan ya sha faruwa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne abin da yankinmu na Dutsin-Ma da Kurfi, da maƙwabtanmu na Safana da Batsari, ya gani na hare-haren 'yan bindiga. Bayan kowane hari akwai tambayar da ke biyo baya: wa ya kawo su, wa ya nuna musu gida? Sau da yawa amsar tana fitowa ne daga bakin mutum guda da ya ce ya gane fuska ko ya ɗauki murya a cikin duhu. A kan wannan kalma ɗaya ana iya kulle mutum, ana iya raba shi da garinsu, ana iya raba shi da ransa. Don haka ya kamata matashi Musulmi ya san abin da magabata suka sani game da ido da ƙwaƙwalwa, da kuma abin da masu bincike na zamani suka ƙara a kai. Mai karatu ya biyo ni sannu a hankali.

Hannun da aka yanke bisa kuskure

Imamul Bukhari ya kawo wani labari a cikin Sahihinsa, a littafin diyyoyi, ta hanyar Muɗarrif daga Sha'abi, babban malamin Kufa, garin da Sayyidina Ali bin Abi Ɗalib (RA) ya mayar cibiyar halifancinsa a shekara ta 36 bayan Hijira. Wasu mutum biyu suka ba da shaida a gaban Sayyidina Ali cewa wani mutum ya yi sata. Shaidu sun cika, aka zartar da haddi, aka yanke masa hannu. Bayan an gama sai ga mutanen nan biyu sun dawo da wani mutum daban, suka ce sun yi kuskure a karon farko, wannan ne ɓarawon.

Sayyidina Ali ya yi abu uku. Ya ƙi karɓar shaidarsu a kan mutum na biyu. Ya ɗora musu diyyar hannun mutum na farko, kuma diyyar hannu ɗaya rabin diyyar rai ce, wato raƙuma 50. Sannan ya sanar da su cewa da ya san da gangan suka yi, da nasu hannuwan zai yanke.

Mai karatu ya lura da kyau. Halifa bai ɗauke su masu shaidar zur ba, domin da ya ɗauke su haka da hukuncinsu ya fi wannan tsanani. Alamar gaskiyarsu ma a fili take, tunda da ƙafarsu suka dawo suka tona kansu. Amma gaskiyar tasu ba ta sa an amince da ganinsu na biyu ba. Idon da ya tabbatar jiya kuma ya kuskure, tabbacinsa na yau ba zai isa a yanke wani hannun ba. Haka kuma su biyu ne suka kuskure tare, a kan mutum ɗaya. Ke nan haɗuwar baki biyu a kan magana ba kullum take nufin an ga abin sau biyu ba. An biya diyya, amma hannun bai dawo ba.

Gaskiya daban, kiyayewa daban

Wannan bambanci tsakanin maƙaryaci da mai kuskure ya fara ne tun daga gidan Annabta. A cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim an ruwaito cewa an gaya wa Uwar Muminai A'isha (RA) wani hadisi da Abdullahi bin Umar (RA) yake faɗa game da yi wa mamaci kuka. Sai ta roƙa masa gafara, ta kore masa ƙarya, ta ce abin da ya same shi mantuwa ce ko kuskure. Malamai sun yi dogon bayani wajen haɗa riwayoyin biyu, kuma da yawansu sun tabbatar da ta Ibnu Umar. Abin da nake nufi a nan shi ne ladabin da ta koyar: ana iya tuhumar ƙwaƙwalwar mutum ba tare da an taɓa mutuncinsa ba.

A kan wannan harsashi malaman hadisi suka gina iliminsu. Duk ɗalibin da ya zauna a ajinmu na Musɗalahul Hadisi a Islamiyya ya san cewa ana neman abu biyu ga mai riwaya: adala, wato addini da gaskiya, da kuma dabɗi, wato kiyaye abin da ya ji yadda ya ji shi. Idan ɗaya ya faɗi, riwaya ta faɗi. An naƙalto daga Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, cewa ya riski mutum saba'in a masallacin Madina waɗanda da za a ba ɗayansu amanar baitulmali da ya riƙe ta, amma bai karɓi hadisi daga gare su ba, domin ba fagensu ba ne. Dattawan kirki ne, amintattu a kan dukiya, amma bai amince da kiyayewarsu ba.

Malaman sun kuma gano wata cuta da suka kira talƙini. Ita ce a zo wa malami da abin da bai taɓa ji ba, a ce masa ai wannan hadisinka ne daga wane, shi kuma ya amsa, ya ci gaba da ruwaito shi da zuciya ɗaya. Daga cikin waɗanda aka yi wa wannan suka akwai Abdullahi bin Lahi'a, alƙalin Masar, mutum mai ilimi da daraja, wanda littattafansa suka ƙone wajen shekara ta 170, ya rasu a 174. Saboda haka masana suka riƙa bambanta abin da manyan ɗalibansa na farko suka karɓa daga gare shi da abin da aka karɓa daga baya.

Har jarrabawa suke shirya wa ƙwaƙwalwa. Haɗibul Bagdadi ya kawo labarin Yahaya bin Ma'in, lokacin da suka biyo ta Kufa tare da Imamu Ahmad bin Hambal a kan hanyarsu ta dawowa daga Yaman. Yahaya ya rubuta hadisai 30 na malaminsu Abu Nu'aim Fadlu bin Dukain, amma bayan kowane goma sai ya cusa guda wanda ba nasa ba. Ya karanta masa. Duk lokacin da aka zo kan na cushe sai Abu Nu'aim ya ce a goge shi, ba nasa ba ne. A karo na uku ya gane gwada shi ake yi, ya fusata, ya hamɓare Yahaya daga kan dakalin da suke zaune. Yahaya ya tashi yana murna, domin ya sami abin da ya zo nema. Mai karatu ya riƙe wannan dabara ta cakuɗa na gaske da na bogi, za mu sake haɗuwa da ita a ofishin 'yan sanda.

A zauren alƙali

Abin da malaman hadisi suka shardanta ga mai riwaya, malaman fiƙihu sun shardanta irinsa ga mai shaida. Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, ya lissafa farkawar hankali a jerin siffofin mai shaida, kusa da adala, a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi. A cikin Muhtasar na Shehu Halil kuma an hana karɓar shaidar mugaffali, wato mai yawan rafkana, sai a kan abin da ba ya rikitarwa. Mugaffali yana iya zama wanda ya fi kowa tsayuwar dare a gari, amma a zauren shari'a ba ibadarsa ake aunawa ba.

Akwai wata mas'ala a Muwaɗɗa da ta fi kowace nuna zurfin fahimtar Imamu Malik. Asali ba a karɓar shaidar yara. Amma idan yara suna wasa ɗaya ya ji wa ɗaya rauni, kuma babu babba a wurin, Abdullahi bin Zubair (RA) ya kasance yana hukunci da shaidarsu. Malik ya yarda da haka bisa sharaɗi: a karɓi maganarsu kafin su watse, kafin wani ya ruɗe su ko ya kitsa musu abin faɗa. Idan sun watse sun koma gidajensu, shaidarsu ta faɗi, sai fa in tun kafin su watse an sa adilai sun ji abin da suka ce. Ma'ana, shaida tana da lokacin da take ɗanya, kuma duk bakin da ya shiga tsakaninta da alƙali yana iya canza ta. Irin wannan tunani ne ya sa alƙalai suke raba shaidu su tambayi kowa shi kaɗai, dabarar da Ibnul Ƙayyim ya kawo misalanta daga hukunce-hukuncen Sayyidina Ali a cikin littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya.

Ga kuma i'izari, wanda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi shi: ya tambayi wanda aka yi shaida a kansa ko yana da suka ga shaidun, ko wata hujja da ta rage. Ga ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi ƙanƙaninsa da babbansa, ta kuma ambaci yiwuwar mai shaida ya manta a tuna masa. Ga ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha. Duk waɗannan katangu ne da aka gina saboda an san ɗan Adam yana mantuwa.

Waɗannan littattafai su ne aka karantar a zaurukan Katsina da Kano, su ne kuma aka ci gaba da karantarwa a makarantar horar da alƙalai da aka buɗe a Kano a 1934. Bayan an dawo da shari'ar laifuka ta Musulunci a Jihar Katsina a shekara ta 2000, an ga ƙa'idojin suna aiki a shari'ar Amina Lawal. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu a watan Maris na 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta rushe hukuncin ranar 25 ga Satumba, 2003, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Mutumin da ta ambata kuwa tun farko aka sallame shi, domin ya musanta kuma babu shaidu huɗu. Muhawarar wannan shari'a ta fi karkata ga iƙirari da ciki, amma ta nuna wa duniya irin tsaurin da fiƙihunmu yake yi kafin a taɓa jinin mutum.

Abin da ya faru a Landan

Turawa ma sai da suka sha wuya kafin su koyi wannan darasi. A ƙarshen shekarar 1895 wata mata ta tare wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Adolf Beck a kan titi a birnin Landan, ta ce shi ne ya yaudare ta ya karɓe mata agogo da zobba. Akwai wani ɗan damfara da ke yawo a lokacin yana kiran kansa babban basarake, yana karɓe wa mata kayan ado. 'Yan sanda suka jera Beck cikin wasu mutane suka kira matan da aka cuta, amma sau da yawa shi kaɗai ne mai furfura da gashin baki a layin, kamar yadda matan suka siffanta ɗan damfarar. Mata kusan goma suka nuna shi. A 1896 aka ɗaure shi shekara bakwai, ya fito a 1901.

A 1904 aka sake kama shi da irin wannan tuhuma, wasu matan suka sake rantsewa, aka sake samunsa da laifi. Yana tsare yana jiran hukunci sai aka kama wani mutum yana aikata irin damfarar sak. Shi ne mai laifin na ainihi, Wilhelm Meyer, wanda ke amfani da sunan John Smith. Aka yi wa Beck afuwa, aka biya shi fam 5,000, kuma abin kunyar ya taimaka wajen kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a Ingila a 1907. Babu wadda ta yi ƙarya a cikin matan nan. Kama da wane ce ta ruɗe su, kuma Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane.

Abin da masu bincike suka gano

A 1974 wata malamar ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Elizabeth Loftus, tare da John Palmer, suka nuna wa ɗalibai 150 fim ɗin hatsarin mota. Suka tambayi 50 daga ciki irin gudun da motocin ke yi, da kalma mai zafi da ke nufin motocin sun rugurguza juna. Wasu 50 aka yi musu tambayar da kalma mai sauƙi da ke nufin sun bugi juna. Sauran ba a tambaye su gudu ba. Bayan mako guda aka tambayi kowa ko ya ga fasasshen gilashi. A fim ɗin babu gilashin da ya fashe. Amma 16 daga waɗanda suka ji kalma mai zafi suka ce sun gani, sai 7 daga rukuni na biyu, da 6 daga na uku. Kalma ɗaya a bakin mai tambaya ta dasa wa mutane abin da idonsu bai gani ba. Wannan shi ne talƙinin da malaman hadisi suka yi gargaɗi a kansa fiye da shekara dubu da ta wuce.

Abin da binciken ya nuna shi ne ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da ake ajiyewa a ɗauko yadda take. Ta fi kama da katangar ƙasa da ake yi wa yaɓe duk shekara. Duk lokacin da mutum ya tuna abu ko ya ba da labarinsa, yana ƙara masa sabon yaɓe daga abin da ya ji a wurin wasu, har a wayi gari shi kansa ba ya iya raba tsohon gini da sabo.

Misali mafi tayar da hankali shi ne na Ronald Cotton. A watan Yuli na 1984, a garin Burlington na Jihar Karolina ta Arewa, wani mutum ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson da dare ya yi mata fyaɗe. Ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo da niyyar ta gane shi daga baya. Ta zaɓi hoton Cotton a cikin hotuna, ta sake nuna shi a layi, aka ce mata ai shi ne wanda ta zaɓa a hoto, sai tabbacinta ya ƙaru. A 1985 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A 1987 aka kawo mai laifin na gaskiya, Bobby Poole, gabanta a kotu, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Fuskar Cotton ta riga ta maye gurbin tasa a ƙwaƙwalwarta. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku. Ƙungiyar Innocence Project ta ƙirga mutum 375 da irin wannan gwaji ya wanke a Amurka daga 1989 zuwa 2020, ta gano cewa a kashi 69 cikin ɗari na shari'unsu akwai ganau da ya nuna wanda ba shi ba.

Masana sun lissafa abubuwan da ke raunana gani: duhu, nisa, gajeren lokaci, tsananin firgita, da makami, domin idon wanda aka auna da bindiga yana kan bakin bindigar. Sun kuma gano cewa mutum ya fi kuskure wajen gane fuskar wanda ba jinsinsa ba. A ɗaya ɓangaren sun nuna cewa maganar farko da ganau ya yi, idan an ɗauke ta da wuri ba tare da an yi masa ishara ba, tana da daraja sosai, ta fi tabbacin da zai nuna a kotu bayan watanni. Shi ya sa suke ba da shawara a cakuɗa wanda ake zargi da mutanen da suka dace da siffar da aka bayar, a sa jami'in da bai san wanda ake zargi ba ya gudanar da layin, kuma a rubuta irin tabbacin ganau nan take. Da Yahaya bin Ma'in da Imamu Malik za su ga wannan tsari, ba zai zame musu baƙo ba.

Kotunan zamani sun karɓi darasin. A 1976 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Turnbull, ta wajabta wa alƙali ya yi gargaɗi cewa mai shaida yana iya gamsarwa alhali ya kuskure, kuma shaidu da yawa suna iya kuskurewa tare, har ma a kan wanda suka sani. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bi wannan hanya a shari'u irin su ta Ikemson a 1989 da ta Ndidi a 2007, inda ake duba yanayin da aka ga mai laifin, tsawon lokacin ganin, hasken wurin, da ko an san shi tun da.

Mu dawo gida

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya auna darenmu da shi. A watan Agusta na 2019 'yan bindiga sun afka wa Wurma a ƙaramar hukumar Kurfi suka tafi da mutane. A watan Oktoba na 2023 sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Irin waɗannan hare-hare galibi da dare ake yinsu, babu wuta, maharan sun naɗe fuska da rawani, suna haska tocila a idon mutane, ga ƙarar harbi, ga kukan yara. Duk abin da masana suka ce yana raunana gani ya haɗu a wuri ɗaya. Da gari ya waye kuma sai a taru a ƙofar gida ana jajantawa, kowa yana faɗin abin da ya gani, wani ya ambaci suna, kafin azahar mutum biyar sun tabbatar shi suka gani. Shaidun sun watse sun cakuɗu tun kafin wani jami'i ya ɗauki alƙalami.

Ba ina cewa babu masu kai wa ɓarayin daji rahoto ba. Akwai su, kuma sharrinsu ya fi na wanda ya zo daga daji ciwo. Ba kuma ina tuhumar wanda aka zalunta da ƙarya ba, domin ya ga bala'i, kuma abin da yake faɗa shi ne abin da ke zuciyarsa. Abin da nake cewa shi ne idan aka nuna wanda ba shi ba, an yi ɓarna biyu: an cuci bawan Allah, kuma mai laifin na nan yana dariya, ya sami wanda ya ɗauke masa kaya. Haɗarin ya fi yawa a kan baƙo, da makiyayin da ya shigo kasuwa, da talakan da ba shi da mai tsaya masa.

Mu kanmu mun ɗanɗana ɗacin wannan. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka yi shelar masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka taru sun ga bindiga, sun ga baƙin fuska, sai zato ya cika musu sauran. Duk wanda ya yi kukan Uromi bai kamata ya yarda a yi irinta a garinsu da sunan "an gane shi" ba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa matashi, idan Allah Ya ƙaddara ka zama ganau, ka rubuta abin da ka gani tun kafin ka zauna da kowa, ka faɗi inda kake tsaye da irin hasken da ke wurin. Ka bambanta tsakanin "na gane shi" da "ya yi mini kama da shi", domin tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama ran mutum. Idan ba ka tabbata ba ka ce ba ka tabbata ba, wannan ma shaida ce, kuma ba ragwanta ba ce. Ka kai maganarka ga hukuma, ka bar alƙali ya auna ta. Kada ka ɗora hoton wanda ake zargi a Facebook ko WhatsApp, domin yin haka talƙini ne ga gari guda, duk wanda ya ga hoton fuskar za ta zauna masa, gobe ya rantse ita ya gani. Idan kuma ka riga ka yi shaida sannan shakka ta shige ka, ka koma ka faɗa tun kafin a zartar, kada ka jira irin lokacin da mutanen Sayyidina Ali suka dawo.

Ɓoye shaida zunubi ne, kuma Alƙur'ani ya yi hani da shi. Amma Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, kima ta isa a sayi hatsi, ba ta isa a zubar da jini ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Dutsin-Ma da Kurfi da sauran ƙasarmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya tsare harsunanmu daga nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.